Gwangwanin da Ka Bar Mini a Firij

Unguwar Mu'azu,
Kaduna.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'imarsa, ya yalwata makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu ɗan aiken da zai kai ta, kuma ko da akwai, ai kai ko da kana da rai ba ka cika karanta abin da babu zane-zanen nan naku masu kama da saƙar zuma a ciki ba. Amma abin da ke cikina yau ya fi ƙarfin in faɗa wa bango, kuma kai kaɗai ka san girmansa. Saboda haka gyara zama, yau ni ce mai bayani, kai ne mai sauraro.

Malam, aikinka ya fito. Jiya da hantsi ina tsakar gida ina ƙulla zoɓo a leda, sai ga Rifkatu, ɗalibar nan taka 'yar Kagoro, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a zaure, tana ɗaga wata mujalla sama. Mujallar nan dai ta masana sinadarai ta ƙasar waje, wadda ta dawo maka da takardarka har sau biyu. Yau ita ce da kanta ta buga aikinka. Na yi guɗa, Malam. Ni da ko a bikin ƙanwata ban yi guɗa ba, na rangaɗa ta har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu.

Amma bari in koma baya, domin akwai abubuwan da suka faru bayan tafiyarka, kuma ya kamata ka ji su daga bakina.

Ka tuna ranar da ka shigo da buhun tsamiya na farko daga kasuwar Kakuri? Na yi ta murna, na ɗauka tanadin kunun azumi ka yi mana. Ashe ba rabona ba ne. Lokacin ne ƙasa ta shiga tsuke bakin aljihu, kayan aikin da ake kawo wa kwalejinku daga waje suka daina zuwa. Abokan aikinka wasu suka koma kiwon kaji, wasu suka tattara suka bar ƙasar. Kai kuwa ka ce sinadarin da kake jira daga Ingila ga shi nan yana reto a bishiya, awaki suna cin wanda ya faɗo. Ka ɗauke mini babbar tukunyata ta biki, ka dafa tsamiya a ciki, ka tace, ka sake dafawa, har cikin tukunyar ya yi fari fat kamar an kankare shi. Har yau ban yi sabuwa ba, kuma har yau ban yafe ba.

Sau nawa ka zaunar da ni ka yi mini bayanin abin da kake nema? Ka ce akwai sinadaran da Allah ya yi su bibbiyu, kamar hannun dama da na hagu. Komai nasu iri ɗaya ne, amma wannan ba ya shiga gurbin wancan. Ka ce a harkar magani abin ba wasa ba ne, domin sai ka ga na daman yana warkarwa, na hagun kuwa ko ya zauna a ciki a banza ko ya yi ɓarna. In aka haɗa magani a kwalba haka kawai, rabi da rabi suke fitowa a cakuɗe, raba su kuma jan aiki ne. Kai abin da kake nema shi ne ɗan wani abu da za a ɗiga kaɗan a cikin haɗin, ya sa duk abin da zai fito ya fito hannu ɗaya, shi kuma bai ƙare ba. Katalis kuke kiransa. Ka ce in tuna yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara, ta kwana ta zama kindirmo gaba ɗaya. Tsamin da ke cikin tsamiya kuwa, ka ce, tun daga bishiya hannu ɗaya Allah ya yi shi, don haka in ka ɗaura shi a jikin jan ƙarfe, shi zai riƙa nuna wa sauran hanya.

Ka ga na riƙe duka? To ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun bayani na biyu na gane. Da gangan nake ɓata fuska in ce maka ni fa har yanzu ban gane ba. Domin in za ka yi bayanin nan, sai ka cire hula ka ɗora a gwiwa, ka kamo hannuwana biyu, ka haɗa tafi da tafi, ka juya ɗaya ka ɗora a bayan ɗaya, kana cewa in duba yadda manyan yatsun suka ba wa juna baya. Kai mutum ne mai kunya, ga ka ba ka iya zama wuri ɗaya. In ba a wannan bayani ba, yaushe kake riƙe hannuna da rana tsaka? Wace mace ce mai hankali za ta ce ta gane?

Matsalar dai ka san ta fiye da ni. Katalis ɗin naka ya ƙi daskarewa. Kullum sai ya fito kamar maɗi, shuɗi mai danƙo, da datti a ciki wanda ido ba ya gani. Yau ya yi maka aiki ka shigo gida kana waƙa, gobe ya ƙi, ka shigo ko sannu da zuwa ba ka amsawa. Masu mujallar suka ce ba za su yarda ba sai ka kawo shi tsarkakakke, ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, yadda za a iya ɗaukar hoton surarsa a tabbatar. A kwaleji aka sa maka suna Dakta Tsamiya, ana faɗa ana ƙunshe dariya. Ka yi kamar ba ka ji ba, amma ni da nake kwashe kwanon abincinka na san ka ji.

Ana cikin haka firijin ɗakin gwajinku ya lalace, babu kayan gyara. Sai ga ka da gwangwanin madara, a cikinsa ka naɗe 'yar kwalba da auduga, ka liƙe bakinta da wuta. Ka buɗe firijina, firijin da nake sana'ar ƙanƙara da shi, ka ture mini ledojin kunun aya gefe, ka ajiye gwangwaninka a lungun ƙasa, ka ce a sanyi ne kawai ƙwayoyin za su fito. Na yi faɗa, ka yi dariya, gwangwani ya zauna. Daga ranar kuwa ba ka bar shi ya huta ba. Ka dawo daga masallaci da asuba ka ciro shi, ka ɗaga kwalbar wajen taga, ka girgiza, ka yi tsaki, ka mayar. Ka dawo daga aiki, kafin ka cire takalmi ka sake cirowa ka girgiza. Ƙanƙarata ta daina yin ƙarfi saboda buɗe-buɗenka.

Sannan ciwon ya zo, bai kuma ba mu lokaci ba. A asibiti, ranar da hankalinka ya ɗan dawo, ka yafito ni da hannu. Na sunkuya, ina jiran ka ce in yafe maka, ko ka ba ni amanar 'yarmu Nafisa, ko ka faɗi wata kalma da zan riƙa tunawa. Sai ka ce, "Kulu, gwangwanin nan, kar ki bari ya ɗumama." Shi ke nan. Bayan wannan sai kalmar shahada.

Malam, na ji haushi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushin da har ya so ya fi baƙin cikin. Duk zaman da muka yi, kalmarka ta ƙarshe gare ni a kan gwangwanin madara? Na shiga takaba da wannan haushi a ƙirjina. Rifkatu, wadda ita kaɗai ta san kan aikin bayanka, tana can kudu tana bautar ƙasa, wasiƙar rasuwarka ma sai da ta yi makonni kafin ta same ta. Ta aiko cewa in riƙe mata shi har ta gama. Don haka ya rage daga ni sai gwangwani. In na buɗe firij sai in kau da kai daga lungun nan. Ban taɓa shi ba, ban buɗe shi ba, ko gogewa ban yi a gefensa ba. Ba ilimi ne ya hana ni ba, gaba nake yi da shi.

Amma gaba daban, amana daban. Da bazara ta tsaya sosai, taransifomar unguwarmu ta ƙone. Aka ce gobe za a gyara, goben ta zama jibi, mako ya zagayo, wani ya bi bayansa. Zafin da ake yi a lokacin, ko randa ba ta iya riƙe sanyin ruwa. Ranar farko na rufe firij ɗin na hana kowa buɗewa. Rana ta biyu na ga ruwa yana bin ƙasan ƙofarsa, ƙanƙarata duk ta narke. Ga ni mai takaba, ba dama in taka ƙofar gida. Na zauna a gabansa ina kuka ina yi maka faɗa. Me ya sa ka ɗora mini abin da ba ni da ikonsa? Ina zan samo maka sanyi a cikin wannan rana?

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Maman Ladi maƙwabciyarmu, wadda kake tsokana kana cewa waƙoƙin cocinta ne agogonka na Lahadi, ita ta jiyo kukana ta katanga ta shigo. Ka san tana aiki a wani kamfanin ƙanƙara a Kudenda, su suna da janareta. Ban iya yi mata bayanin hannun dama da na hagu ba, na dai ce mata wasiyyarka ce. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Maman Nafisa, in dai ƙanƙara ce, ki bar kuka. Abin Malam ba zai ji zafi ba." Daga ranar, kullum in ta tashi aiki sai ta roƙi ɓaraguzan ƙanƙarar da suka fashe, ta naɗe a buhu da garin katako. Baban Ladi, da yake an sallame su daga masaƙa yana zaune ba aiki, shi yake ɗaurowa a bayan kekensa tun daga Kudenda, yana zuwa rigarsa sharkaf, rabi gumi rabi ruwan ƙanƙara. Ni kuma in jera su a cikin firij kewaye da gwangwanin, a hankali, ba tare da na taɓa shi ba, in yi ta tsane ruwa da tsumma. Ranar da aka yi ruwan farko hanya ta ɓaci, a ka ya ɗauko buhun. Ko sau ɗaya ba su fasa ba.

Ka san unguwa ba ta rasa baki. Mata masu zuwa gaisuwa suka ga ana shiga da ƙanƙara gidan mutuwa kullum, ba a fitowa da abin sayarwa. Magana ta fara yawo. Wasu suka ce guba ka bari, wasu suka ce wani asiri ne na Turawa, har da mai cewa abin da ke cikin gwangwanin ne ya ci ka. Maganar ta kai kunnen yayanka Alhaji Garba a Tudun Wada.

Ranar da ya zo da mutane biyu duba kayan gado, bai ko zauna ba ya nufi firij. Ya ce, "Kulu, abin nan ba a san ko mene ne ba. Gida da yarinya, a fitar da shi a binne kowa ya huta." Malam, ka san tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da Yaya Alhaji ba, in yana zaure ma ta bayan labule nake gaishe shi. Ban san lokacin da na tashi na je na zauna daɓas a gaban firij ɗin na jingina bayana da ƙofarsa ba. Na ce, "Yaya Alhaji, kujeru ku ɗauka, rediyo ku ɗauka, har tabarmar da nake kwana a kai. Wannan kuwa amanar ƙaninka ce, sai dai a haɗa mu tare a binne." 'Yar wuƙar nan da tsofaffi suke ba mai takaba ta riƙa riƙewa tana hannuna. Wallahi ni na ma manta da ita, amma na ga idonsa ya sauka a kanta. Ya dube ni, ya dubi wuƙa, ya dubi mutanensa, ya ce ai dama shawara ce ya kawo. Suka fita. Da suka tafi, sai da Nafisa ta ba ni ruwa a baki. Amma na ji daɗi, Malam. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun rasuwarka.

Wuta ta dawo da damina. Na fita takaba, na yi wanka, na sa kwalli, gwangwani yana nan a lungunsa. Ba a jima ba Rifkatu ta gama bautar ƙasa, daga tasha gidan nan ta wuto da akwatinta. Bayan ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce in nuna mata. Ta durƙusa ta ciro shi da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ta buɗe murfin, ta janye audugar, ta ɗaga kwalbar wajen tagar nan taka. Ni na juya baya, don ba na son in ga fuskarta in abin ya lalace. Sai na ji ta ƙwala ihu, "Yesu! Mama, sun fito! Zo ki gani, sun fito!"

Na je na gani. Maɗin nan mai danƙo babu shi. Ruwan ya yi garau, a ƙasan kwalbar kuwa ga su nan, shuɗaye masu ƙyalli, dogaye-dogaye da kaifin gefe, wasu sun kai ƙwayar shinkafa. Hasken taga yana ratsa su yana faɗowa a tafin hannunta. Abin da ka yi shekaru kana nema ke nan, a lungun da nake ajiye kunun aya. Maman Ladi ta ji ihu ta shigo da ludayi a hannu, muka rungume juna mu uku muna kuka muna dariya, ita tana waƙar yabo da yarensu, ni ina ta hamdala.

Yanzu shirya ka ji abin da zai ba ka kunya. Rifkatu ta tambaye ni sau nawa nake ciro shi. Na ce ban taɓa ba. Ta ce ko motsa shi? Na ce ko kallo bai ishe ni ba. Sai ta zauna a ƙasa ta riƙe ciki tana dariya. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyi a hankali suke girma, sai an ba su sanyi an kuma ƙyale su. Duk lokacin da suka fara haɗuwa, sai ka ciro kwalbar cikin ɗumin hannunka ka girgiza, su narke su koma farko. Ta ce kai ka koya musu wannan a aji, da bakinka. Malam! Kai da kake ce wa ɗalibai garaje ba ƙarfi ba ne? Ashe duk watannin nan ba tsamiya ce ta ƙi ka ba, kai ne ka hana ta sakat. Da ka ji maganata ka daina buɗe mini firij, da ka gan su da idonka. Na faɗa na ƙara, kuma yau ba ka da bakin musu.

Sauran aikin Rifkatu ta yi shi, kuma ta yi shi kamar kana tsaye a kanta. Ta zaɓi ƙwaya mafi kyau ta ba wani mai tafiya Ingila ya kai wa tsohon malaminka hannu da hannu. Can suka ɗauki hoton surar, ta fito daidai da zanen da ka yi ka manna a bangon ɗakinmu. Sauran ƙwayoyin ta yi gwaji da su. Ranar da za ta duba sakamako ta zo ta ɗauke ni, ta ce ba za ta leƙa ita kaɗai ba. Wannan ne shigata ta farko ɗakin gwajinka. Na ga tukunyata ta biki a ƙarƙashin tebur, na harare ta na wuce. Ta zuba abin da ta haɗa a wani bututun gilashi, ta sa a na'urar nan da ake leƙawa da ido ɗaya, ta ce in leƙa. Ni dai haske na gani rawaya, rabi da duhu rabi babu. Ta yi ta murɗa wani abu har hasken ya daidaita, ta duba lambar, ta dafe baki. Ta ce kusan duka hannu ɗaya ya fito. Ta sake haɗawa wani mako, haka. Ta sake, haka. Babu sauran yau ya yi gobe ya ƙi.

Ga labarin gida kuma. Tun kafin mujallar ta iso, wasiƙu suka fara zuwa kwaleji daga ƙasashen da ban san sunansu ba, masana suna tambayar yadda ake sarrafa tsamiyar. Tsohon malaminka ya nemi Rifkatu ta je wurinsa ta yi digirin dakta a kan aikin, ta ce za ta je amma za ta dawo, don a nan bishiyar take. Waɗanda suka sa maka suna Dakta Tsamiya har yanzu haka suke kiranka, sai dai yanzu ba sa dariya, ɗaya daga cikinsu ma an gan shi a Kakuri yana cinikin buhu. Yaya Alhaji ya zo jiya da la'asar, ya sa Nafisa ta fassara masa shafin a ƙofar gida gaban mutane, yana gyaɗa kai yana cewa ai shi ya ce a bar gwangwanin nan a inda yake. Ni dai na aika masa da zoɓo mai sanyi. Nafisa ta zaɓi ajin kimiyya, kuma girgiza abu take yi in ta ƙagu, sak kai. Baban Ladi ya samu aikin gadi a Kudenda. A ƙarshen takardar akwai wurin godiya, Rifkatu ta sa sunansa da na Maman Ladi da nawa. Da aka karanta wa Maman Ladi sai ta ce ita dai a gaya wa Turawa ƙanƙarar fasassa ce, kar su ɗauka mai kyau ta bayar.

Duk da haka, in na zauna ni kaɗai sai in ce, me ya sa ba ka jira ba? 'Yan watanni ne fa kawai, Malam. Kai da komai sauri, har tafiyar ma sai da ka yi sauri? Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma da na so in ga fuskarka a gaban tagar nan. Da na so ka cire hula ka ɗora a gwiwa, ka kamo hannuwana, in ce maka ni fa har yanzu ban gane ba.

Haushin kalmarka ta ƙarshe kuwa ya tafi. Na daɗe ina juya ta, sai daga baya na lura cewa a asibitin nan ga Yaya Alhaji a tsaye, ga abokan aikinka masu digiri sun zo dubiya, amma ba ka kira ko ɗaya ba. Ni ka yafito. Abin da ya fi komai daraja a wurinka, a hannuna ka sa shi. Ashe kalmar da nake jira ce ka faɗa, da irin naka yaren.

Saura abu ɗaya. Rifkatu ta nuna mini wurin sunanka, shi ne na farko, a sama. Ta ce al'adar masu mujallar su sa wata 'yar alama mai kama da gicciye kusa da sunan wanda ya rasu, sai ta rubuta musu ta ce Malam Musulmi ne, su sa tauraro. Suka sa tauraro. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Amma da na duba da kyau, sai na ga sunan mahaifinka ne suka rubuta cikakke, naka kuwa harafi ɗaya suka sa da ɗigo. Nafisa ta ce haka suke yi wa kowa. Na ce ban yarda ba. Mutum ya dafa tsamiya har tukunya ta yi fari, a yi masa dariya ya shanye, sannan a taƙaita shi da harafi ɗaya?

Ka san tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunanka ba. Malam nake cewa, ko Baban Nafisa. Ko a asibiti da aka tambaye ni sunan mara lafiya, Nafisa na taɓa ta faɗa. Haka aka koya mana, kuma ban yi nadama ba. Amma tunda su ma sun ji kunyarsa, dole wani ya faɗe shi cikakke. Jiya da baƙi suka watse, kafin magariba, na tura ƙofa, na buɗe firij, na tsaya a gaban lungun nan da har yanzu ban sa komai a ciki ba, na faɗa da ƙarfi. Yanzu kuma ga shi zan rubuta da hannuna.

Isiyaku. Isiyaku, bai ɗumama ba. Sun fito, kuma hannu ɗaya suka fito.

Ka huta lafiya, ka yi haƙuri ka jira ni ba tare da garaje ba. Allah ya haɗa fuskokinmu a inda babu zafi.

Ni ce matarka,
Kulu mai ƙanƙara.